Ki Ce Ni Na Aiko Ki

Shahuci, Kano
Juma'a da hantsi

Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan sanda za ki buɗe takardar nan kin sauka Abuja lafiya, kin ga ɗakin da aka ce an tanadar miki, kin yi sallah, kin sa wani abu a cikinki. Allah Ya tsare ki a hanya da bayan hanya, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya kare ki daga sharrin da kike gani da wanda ba kya gani.

Kin san ba na iya zama in yi doguwar magana da ke. Ke ce ta fari, ga shi sunan mahaifiyata gare ki. Da na buɗe baki sai kunya ta riƙe ni, in ɓige da tambayarki ko kin ɗauki cajar waya. Shi ya sa na rubuta. Wannan ita ce takarda ta uku. Ta farko faɗa ya yi mata yawa, na yaga. Ta biyu da na sake karantawa sai na ga na wanke kaina a ciki, ita ma na yaga.

A ƙasan jakarki, ƙarƙashin ƙullin kuka da daddawa, akwai roba biyu masu murfi. Kada ki buɗe su sai kin kai ƙarshen takardar nan.

Bari in fara da abin da na fahimta game da aikinki, in na yi kuskure ki gyara mini a waya. Shafin da ya ɗauke ki yana koyar da girki a intanet, yana kuma gaya wa mata wace tukunya ce mai ƙarko, wane injin markaɗe, wane mai. Kyauta ake karantawa. A cikin rubutun akwai wasu kalmomi masu shuɗin launi. In mace ta danna, sai wayar ta kai ta kantin mai kayan. In ta saya, mai kayan ya san ta wajenku ta biyo, sai ya cire wani kaso ya ba shafin, ke ma a ɗora miki naki a kan albashi. Kin ce ko ba a ranar ta saya ba, wayar tana riƙe alamar na wasu kwanaki. Kin ce ba a ƙara wa mai saye ko sisi. Kin kuma nuna mini wani ɗan rubutu can ƙasan shafin, da Turanci, wanda sai da na sa tabarau na gan shi, wai kuɗin nan ba ya taɓa abin da kuke rubutawa.

Ranar Litinin kika yi mini wannan bayani a tsakar gida. Na ce, "To la'ada ke nan."

Kika yi dariya kika ce, "Haba Mama, sai ka ce wata dillaliya. Kamasho ne, haka duk duniya ake yi."

Abbanku yana alwala a bakin rariya ya ce, "Ƙyale ta, 'yar boko ce. Dillali in ya sa takalmi sau-ciki ai ya tashi daga dillali, ya zama wakili."

Muka yi dariya har da ni. Sannan kika karanta mana rubutun da ya sa suka ɗauke ki, wanda har sun sa shi a shafin da sunanki: man gyaɗa biyar da suka fi dacewa da suyar kayan gara. Rubutun ya yi daɗi, ba na ɓoye miki. Amma wanda kika sa a na ɗaya, mai koren murfin nan, na san bai taɓa shigowa gidan nan ba. Ba kwalbar da ke shiga kicin ɗina ban sani ba. Na ce, "Yaushe kika yi suya da shi?"

Kika ce, "Ban yi ba, Mama. Edita ce ta ce a sa shi a sama, su suka fi ba da kaso. Ai duk man gyaɗa ɗaya ne."

Kin ga na tashi na shiga ɗaki, ƙila kin ɗauka fushi na yi. Ba fushi ba ne, tsoro ne. Akwatina na buɗe. Kin san littattafan da nake rubuta abin da ya faru kullum tun ina sakandare, waɗanda kuke tsokanata kuna cewa jaridar Mama. Na ɗauko na tara, mai jan bango. Maganar da kika faɗa tana ciki, ba ƙari ba ragi, da rubutun hannuna, shekara goma sha shida da suka wuce.

Ke kin taso kin san ni da ɗinkin hula, amma ƙila kina iya tuna lokacin da ƙamshin suya ke tarar mutum tun daga soro. Kina aji biyu a firamare. Kayan gara nake yi na sayarwa, alkaki da nakiya da dubulan da cincin. Hannun kakata na gada. Daga Shahuci har Ƙofar Nassarawa, in za a aurar da yarinya, ko a kawo mini aiki ko a zo a tambaye ni. Tambayar ta fi yawa, don ba kowa ke da halin ba da aiki ba. Wace fulawa? Sukari nawa? Mai fa, a ina? In na ce wancan, shi ke nan, ba a sake tambayar kowa. Nakan ɗiga mai a bayan hannu in shinshina in lasa, in gaya wa mace ko gyaɗar bana ce ko ta bara.

Wajen Iya mai ƙuli nake sayen mai, wata tsohuwa da ke shigowa daga ƙauye duk Talata. Ita ke soya gyaɗarta, ita ke matsewa. Man nata ya ɗan fi tsada, kuma ba ya isa in bukukuwa suka haɗu. Ta haka na fara zuwa rumfar wani Alhaji a Ƙofar Wambai don cikawa. Ba zan faɗi sunansa ba, ya rasu, Allah Ya gafarta masa. Mansa a lokacin mai kyau ne. Wata rana ya ce mini, "Malama Rakiya, na lura mata suna zuwa suna ambaton sunanki. Ke kike da baki, ni nake da mai. Duk wadda kika turo ta ce ke kika aiko ta. Ba zan ƙara mata ko kwabo ba, daga ribata zan cire."

Sai ya nuna mini kantar da ke bayansa. Gwangwanayen madara ne a jere, kowanne an liƙa masa 'yar takarda da suna. Duk galan ɗin da aka saya da sunan mutum, sai ya jefa tsinken ashana ɗaya a gwangwaninsa. Ƙarshen wata ya zazzage ya ƙirga, ya aiko da abin da ya kira kuɗin sabulu. Da kika ce mini wayar tana riƙe alama, gwangwanin nan na gani a idona.

Kuskurena na farko shi ne shiru. Na je Islamiyya na tambayi Malamarmu hukuncin la'ada, ta ce halal ce muddin ba ha'inci. Na dawo da murna na rubuta a littafi na ja layi a ƙasa. Amma rabin tambayar na yi. Ban gaya mata cewa matan ba su sani ba. Ban gaya mata cewa suna zuwa wajena ne don sun ɗauka ba ni da komai a ciki. Da na ce musu, "Ku je wajen Alhaji, mansa na da kyau, kuma ku sani yana ba ni wani abu a kan kowane galan," da yawancinsu za su je, wasu ma su yi mini fatan alheri. Abin da ya hana ni faɗa shi ne na san maganata za ta rage nauyi. Nauyin nan kuwa shi nake sayarwa, ba mai ba.

Don haka, Ummi, ki faɗa. Ba a ƙasan shafi ba, ba da ƙananan baƙaƙe ba, ba da Turancin da rabin masu karanta ki za su tsallake ba. A sama, da Hausa, kafin mace ta danna komai: in kin saya ta nan, ana ba mu kaso. In kin ji faɗin haka yana yi miki nauyi a baki, ki tsaya ki tambayi kanki dalili. Ni ban tsaya ba.

Na biyu ya fi wuyar gani, don ban yi ƙarya ko sau ɗaya ba. Na daina ambaton Iya ne kawai. Da, in aka tambaye ni nakan ce, "In kina da hali ki jira Iya ranar Talata, in kina sauri ki je Wambai." Sannu a hankali rabin farkon ya faɗi daga bakina, ban san ranar da ya faɗi ba. Na bi littafin shafi-shafi ina nema, ban samu ba. Abin da na samu layi ɗaya ne: "Iya ta zo yau ta koma da galan biyu." Bayan wata uku kuma: "Iya ba ta zo ba." Daga nan ba ta sake fitowa a littafina ba. Ban san ko ta koma wata unguwa ba ne, ko ta daina, ko me.

Su irin Iya ba su da shuɗin rubutu. Mai daddawa ta ƙwarai, mai man shanu, mai tukunyar ƙasa, ba wanda zai ba ki kaso don kin ambace su. In abin da ya fi kyau shi ne wanda ba ya biya, ki rubuta shi, ki sa shi inda ya cancanta. Duk wata ki koma ki duba abin da kika rubuta, ki ga ko akwai abu ɗaya da kika yaba wanda ba ki sami komai a kansa ba. In babu, to kin fara zama ni.

Na uku, na daina ɗanɗanawa. Ko in ce, abin da aka zaɓar mini nake ɗanɗanawa. Alhaji ya koma aiko mini da nawa man har gida, kyauta, kuma kullum mai kyau. Ban ƙara tsayawa a rumfarsa an zuba mini daga durom ɗin da ake zuba wa kowa ba. Sai Larai ta bayan masallaci ta zo ta ce mini man da ta sayo yana kumfa har yana neman zubowa. Man gyaɗa tsantsa ba ya irin wannan kumfar, na sani, kakata ta koya mini tun ban kai tsawon turmi ba. Kumfa irin wannan algus ne, an haɗa da wani abu. Ga abin da na rubuta a ranar: "Larai ta ce mai na kumfa. Ƙila kaskonta ne da ruwa. Ƙila ni ce ban fahimce ta ba."

Kin san ni da shakka. Ba na yanke magana, komai sai na ce ƙila. Na daɗe ina ɗaukar wannan a matsayin tawali'u. Amma da na sake karanta layin nan na ga a wannan karon shakkata tana da albashi. Tafiyar minti goma ce zuwa Wambai. Ban je ba, don ina tsoron abin da harshena zai gaya mini.

Kamfanoni za su aiko muku da kaya ofis, a kwali mai kyau. Ki karɓa in dokar wurin ta yarda, amma kada ki yi hukunci da shi. Ki shiga kasuwa kamar kowace mace, ki sayi wanda ke jere a kanti, ki kai kicin, ki yi girki da shi ba sau ɗaya ba. In wata ta rubuto ta ce abin da kika yaba ya ɓata mata girki, kada ki fara da laifin kaskonta.

Yanzu na zo inda na yaga takarda ta biyu.

Yaya Asabe, maƙwabciyarmu da kuke kira Umma Asabe, ita ta karɓe ni ranar da aka kawo ni lungun nan ina amarya ban san kowa ba. Ita ta dafa mini ruwan wanka kwana arba'in da na haife ki. Ba abin da take yi ba ta tambaye ni ba, har launin zanen da za ta saya, duk da ta girme ni da shekara goma sha wani abu. Kin sha tambayata me ya sa muke gaisawa kamar baƙi alhali ƙofarmu na kallon tasu. Nakan ce miki haka rayuwa take. Ga gaskiyar.

Da za ta aurar da Sadiya, 'yarta ta fari, ta shigo ta zauna a bakin gadona ta ce, "Rakiya, jarka huɗu zan saya, adashena ne kaf. Tsakaninki da Allah, man Alhajin nan yana nan yadda kika san shi? Na ji Larai na ƙorafi."

Na ce, "Yaya, duk man gyaɗa ɗaya ne. Larai ce ba ta iya shanya kasko ba. Je ki, ki ce ni na aiko ki."

Ina faɗa, zuciyata na lissafin tsinke nawa ke cikin jarka huɗu.

Ni na tsaya a kan suyar, kwana uku, a tsakar gidanta. Da man ya yi zafi kumfa ta taso. Na gani da idona. Na rage wuta, na jefa ɓawon lemo da 'yar citta don su danne warin, na ce wa matan da ke taya mu wai sabon salo ne na koyo. Har yaba mini suka yi. Dubulan da zafinsa ba ya tona asiri, sukari na rufe komai. Mugun mai sai ya kwana biyar, shida, bakwai, sannan ya farka.

Aka kai gara gidan ango daro-daro, aka yi guɗa, danginsa suka raba har Kaduna. Kwana shida sai ga daro ɗaya an dawo da shi, da saƙo daga gwaggon ango: a ce wa uwar amarya an gode, amma su a gidansu ba su saba cin maganin sauro ba. Na ɗauki ɗaya na gutsira. Maƙaƙi ya kama ni har maƙogwaro. Sadiya yarinya ce 'yar shekara ashirin, a gidan da ba ta san kowa ba, kuma abin da aka fara saninta da shi ke nan. Shekaru matan gidan suka yi in za su tsokane ta suna cewa amarya mai maƙaƙi.

Yaya Asabe ta tafi Wambai ta yi wa Alhaji magana. Da rigima ta yi zafi sai ya ce, "Hajiya, ki daina ɗaga mini murya. Wadda ta aiko ki ta fi ni sanin mai, kuma tana karɓar nata." Ya nuna mata kantar gwangwanayen. Ta miƙa hannu ta ɗauke gwangwanin mai sunana.

Bayan la'asar ta shigo, ina zaune ina tankaɗe. Ba ta zauna ba. Ta zazzage tsinkayen ashanar a kan tabarmata, ta ce, "Wanne ne nawa a ciki, Rakiya?"

Na kafa wa tsinkayen ido. Ta jira, ta juya ta fita. Ke ce kika zo kika tsince tsinkayen kina gina ɗakuna da su a ƙasa.

Ba ta yi mini terere ba. Ba ta daina gaishe ni ba. Da aka haifi ƙaninki ta zo barka, da Baba, kakanku, ya rasu ta zo ta zauna kwana uku. Amma ban da ina kwana da ina gajiya, ba ta ƙara tambayata komai ba, ko ƙarfe nawa. Ta daina ce mini Rakiya, ta koma Maman Ummi kamar kowa. Sauran matan ma tambayarsu ta yi ta raguwa har ta ƙare. Na kife babban kaskona a ɗakin ajiya na ce muku ciwon baya ne. Bayana lafiyarsa ƙalau.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne wannan. Ni ina ganin fuskar matan nan kullum, na san 'ya'yansu, mun ci a kwano ɗaya, kuma na yi abin da na yi. Ke ba za ki ga fuskar kowa ba. Lamba za ki gani a allo tana hawa. Ɓarnata a lungu ɗaya ta tsaya, taki ban san inda za ta tsaya ba. Kuma ni Alhaji bai taɓa ce mini ga abin da zan faɗa ba, ni na lanƙwasa kaina. Ke tun kafin ki fara an riga an ce miki ga wanda za ki sa a sama.

Ƙila ina zaluntar editarku, ban san ta ba. Ƙila mutuniyar kirki ce da ita ma wani ke matsa mata. Amma a makon farko ki yi mata tambaya biyu, cikin ladabi. Wa ke yanke wanda zai zo na ɗaya, mai ɗanɗanawa ko mai karɓar kuɗin talla? Sannan ki roƙe ta ta nuna miki wuri ɗaya a shafin inda suka ce kayan kamfanin da ke biyan su ba su da kyau. In ta nuna miki, ki kwantar da hankalinki ki yi aiki. In ta yi dariya ta ce ke sabuwa ce, to ɗan rubutun nan na ƙasan shafi ado ne.

Na san me nake nema ki jefa cikin haɗari. Shekara biyu kina neman aiki. Abbanku ya gaya wa duk sahun farko na masallaci. In kika yi gardama aka ce ki tafi, ba ni da wani aikin da zan ba ki, ɗakinki kawai nake da shi, yana nan. Na auna wannan ya fi a ƙirga, kuma ba zan ce miki na tabbata ba. Abu ɗaya na tabbata: kuɗin sabulun da na karɓa ban iya tuna ko me na saya da su ba, tambayar Yaya Asabe kuwa kullum sai na ji ta.

Da maganar iya nan ta tsaya, ƙila da na bar ta sai kin zo hutu. Amma ranar Talata a gidan sunan Larai na ji Sadiya tana nuna wa mata wayarta. Kin san saura sati uku bikin Hafsa, autar Yaya Asabe, kuma Sadiya ce ke riƙe da hidimar gara. Cewa take, "Kun ga Ummin lungunmu ta zama 'yar jarida. Ta ce mai koren murfin nan shi ne na ɗaya. Shi za mu saya, jarka biyar. Ai jinin masu gara ce, ba za ta faɗi abin da ba ta sani ba." Sadiya ba ta san labarin gwangwani ba, uwarta ba ta taɓa gaya mata ba. Na ajiye kwanon da ke hannuna.

Ranar Laraba da kika tafi sallama gidan su Gwaggo, na je kasuwa na sayi kwalba ɗaya ta mai koren murfi da kuɗin hulata, na kuma sayi man ƙuli wajen wata mata da na tsaya na ga tana matsewa. Na fito da kaskon, na kankare tsatsar shekara goma sha shida, na kwaɓa dubulan kwaɓi ɗaya, na raba biyu, na soya kowanne da nasa man. Hannuna bai manta ba.

Mai koren murfin bai yi kumfa ba. Na rubuta miki wannan duk da wani ɓangare na zuciyata ya so ya yi, don in sami hujja a kanki. Ƙila mai kyau ne. Ƙila ma ya cancanci na ɗayan. Ban sani ba, ke ma ba ki sani ba, kuma wannan shi ne laifin. Sai ya kwana bakwai.

Jiya bayan la'asar na tsallaka lungu. Taku bakwai ne daga ƙofarmu zuwa tata, na ƙirga. Na same ta tana tsintar shinkafa a faranti. Muka gaisa, ta nuna mini tabarma. Na ajiye ƙulli biyu na dubulan a gabanta na ce, "Yaya, man da Ummi ta rubuta, ba ta taɓa suya da shi ba. Kuma in kun saya ta wayar nan, ana ba su la'ada. Ban ce ba shi da kyau ba. Na soya da shi jiya, ga shi, ga na man ƙuli. Don Allah ki ce wa Sadiya ta dakata."

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da tsintarta. Can ta ce, "Ikon Allah. Uwa ta yi da gwangwani, 'ya ta yi da waya."

Na ce, "Ita ba ta sani ba, Yaya. Ni ce ban taɓa gaya mata ba."

Ta mayar da idonta kan farantin. Na miƙe na yi mata sai an jima. Na kai bakin soro ina neman takalmina sai na ji ta ce, "Rakiya."

Na juyo.

"Kwana nawa kika ce yake yi kafin ya nuna?"

Na ce, "Bakwai, Yaya."

Ta ce, "To Laraba ki zo mu ɗanɗana tare. Harshena ya tsufa."

Ki yafe mini da na kai sunanki gidanta ba da izininki ba. Na san za ki ji zafi, kuma kina da gaskiya in kin ji. Na zaɓi ki yi fushi da ni a kan a zazzage miki tsinkaye a gaba.

Robobin da ke jakarki kasonki ne. Ban rubuta komai a jikinsu ba. A ƙasan ɗaya, ƙarƙashin takardar da na shimfiɗa, na sa tsinken ashana, wannan shi ne na koren murfi. Kada ki tona. Ki ajiye su inda ba rana. Ranar Laraba bayan la'asar ki kurkure baki, ki ci na farko, ki sha ruwa, ki ci na biyu, ki rubuta abin da harshenki ya ce kafin ki duba. In mai kyau ne, ki bar shi a na ɗaya da hujjarki, ki ƙara a sama cewa ana ba ku kaso. In ya yi maƙaƙi, ki je wajen editarku da robar a hannu. In ta ƙi gyarawa, ki ce a cire sunanki. Sunan mahaifiyata ne, ba ta taɓa sayar wa kowa abin da ba ta ci ba.

Mu ma a lokacin muna zaune a tabarmar Yaya Asabe da namu. Ki kira wayata. Ita za ta tambaye ki me kika ji, ba ni ba, kuma ina roƙon Allah ya zamana kina da amsa.

Kada ki yi wasa da sallah. Ki riƙa cin abinci kafin ki fita, kin san cikinki. Cajar tana aljihun gefe. Abbanku da ƙannenki suna gaishe ki tun kafin ki tafi. Allah Ya kiyaye ki daga haɗarin mota da haɗarin mutane, Ya sa albarka a abin da za ki samu komai ƙanƙantarsa, Ya tsare harshenki da alƙalaminki, Ya dawo mana da ke lafiya da mutuncinki. Na ba Allah ajiyarki.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Rakiya